Raddi ga Mai Cewa Leƙe Ya Ishe Mu

Wata 'yar takarda tana yawo a wayoyin samari masu haɗa na'urori tsakanin Kafanchan da Gidan Waya, irin masu ɗaura wa rijiyar burtsatse abin kunna famfo da saƙon tes, da masu sa wa inbatar sola na'urar aiko da rahoto. Ba zan kama sunan marubucinta ba, kuma zan kawo hujjojinsa yadda suke. Cewa yake yi, muddin ka ɗora tsarin rabon aiki irin FreeRTOS a kan maikirokantirola, to ka huta da katsewa. Ka ware aiki guda ya riƙa leƙa kafar siriyal, wato UART, a kai a kai, in ya tarar da saƙo ya ɗauka. Katsewa, in ji shi, wahalar banza ce, ita ke sandarar da na'ura, kuma kayanmu na nan ba su da saurin da zai buƙace ta. A ganinsa dai, duk injiniyoyin da suka rubuta direbobin siriyal shekara da shekaru rashin aikin yi ne ya dame su.

Ga wanda bai saba da harkar ba, hanya biyu ce. Ko dai kwakwalwar na'urar ta riƙa zuwa da kanta tana duba ko bayit ya iso, ko kuma kafar ta katse mata aikin da take yi a daidai lokacin da bayit ya iso, ta ɗauke shi ta ajiye, ta koma kan aikinta. Ta farko ita ce leƙe, ta biyu ita ce katsewa.

Hujjarsa ta farko, wadda duk ginin ya hau kanta, ita ce bugun agogon tsarin yana zuwa sau 1000 a sakan, to wane saƙo ne zai kuɓuce wa mai leƙe sau dubu? Malam, da ka ɗauki biro da takarda kafin ka rubuta wannan. A tsarin da kowa ke amfani da shi, kowane bayit yana tafiya da bit 10: ɗaya na buɗewa, takwas na saƙo, ɗaya na rufewa. A saurin 115200, bayit 11,520 ke nan a sakan, wato bayit guda a kowane maikirosakan 87. Tsakanin leƙe ɗaya da na gaba, bayit 11 sun riga sun shigo. Ina za su zauna? STM32F103, wanda ke kan shuɗin allon nan mai araha, gurbin karɓa ɗaya tak gare shi. Littafin bayaninsa ya faɗa a fili cewa idan sabon bayit ya kammala shigowa alhali ba a ɗauke na farko ba, tutar ORE za ta tashi, na farkon ya tsira, masu biyo baya su salwanta. ATmega328P na Arduino Uno ya ɗan fi, gurbi biyu gare shi, sai tutar DOR ta tashi. Kamar mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan ce a ce layin ajiye tarago ɗaya ne, ga taragu goma sha ɗaya sun taho daga Fatakwal a jere, mai kula da layi kuma sai ya gama zagayensa yake waiwayowa.

Na san amsar da zai bayar, domin ya riga ya ajiye ta a hujja ta huɗu: ai mu 9600 muke amfani da shi. To mu lissafa wannan ma. Bayit 960 a sakan, guda a kowane milisakan 1.04. Kai kuma kana leƙe duk milisakan 1. Rarar da ke hannunka maikirosakan 40 ce. Idan wani aiki mai fifiko ya riƙe kwakwalwar fiye da haka a lokacin da bai dace ba, misali yana rubutu a allon nuni ko yana ajiye lissafin batir, bayit ya tafi. Kuma dalilin ɗora FreeRTOS tun farko shi ne akwai wasu ayyukan da za su riƙe ta. Haba! Wanda zai gina tsarin famfon unguwa a kan rarar maikirosakan 40, da sa'a ya dogara.

In kuwa ya ce a bar jinkirin da ke tsakanin leƙe da leƙe, aikin ya yi ta leƙe ba numfashi? Ka ba shi fifiko babba, ya hana na ƙasa da shi motsi. Ka ba shi ƙarami, a ture shi gefe a daidai lokacin da saƙo ke shigowa. A kan ESP32 ma akwai mai gadi da zai yi ƙorafi da zarar aikin hutu ya daina samun rabonsa. Masu ESP32 kada su yi murmushi da yawa don suna da gurbi 128. A saurin 115200 wannan yana cika cikin milisakan 11, bugun agogon ESP-IDF na asali kuwa sau 100 ne a sakan, wato duk milisakan 10. Shi ya sa direban da kamfanin Espressif ya bayar da katsewa yake aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne irin wannan ɓarna ba ta nuna kanta. Ɗauki SIM800L da ake sa wa famfo. Idan tes ya shigo, SIM800L ɗin da kansa yake turo layi ba tare da an tambaye shi ba, wanda ke farawa da +CMTI, ya ƙare da lambar gurbin da saƙon yake a kan sim. Ba wanda ya san sa'ar da zai turo. In harafi ɗaya ya faɗi daga farkon layin, na'urar ba za ta gane shi ba. In lambar ƙarshe ce ta faɗi, ba za ta san wane saƙo za ta karanta ba. A kan tebur, ba komai da ke gudana sai gwaji, abu ya yi aiki sumul. A kai shi Godogodo ko Kagoro, a haɗa da na'urar auna ruwan tanki da allon nuni, sai yau ya kunna, gobe ya ƙi. Mai gida ya kira, yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, netwok ne." Kowa ya yarda, domin netwok ɗin ma ba ya rasa nasa laifin. Saƙon kuwa ya iso lafiya, a cikin allon ya ɓata.

Hujja ta biyu: ga Arduino nan, Serial.available kawai muke kira, ba mu taɓa rubuta katsewa ba, kuma yana aiki. Allah Sarki. Lambobin Arduino a buɗe suke, kowa na iya karantawa. A ƙarƙashin wannan kiran akwai katsewa da ke kwashe kowane bayit tana zubawa a ma'ajiya mai cin 64 a kan Uno. Abin da kake leƙawa ma'ajiyar ce da katsewa ta cika maka. Shedar da ya kira, ni ta yi wa sheda. Af, har bugun agogon da yake taƙama da shi katsewa ne, na SysTick a kan ARM Cortex-M.

Ta uku ita ce mai ɗan nauyi, cewa katsewa tana sandarar da na'ura. Tana yi, a hannun wanda ya karya ƙa'idarta. Ba a buga rubutu a cikinta, ba a jira a cikinta, ba a kiran wani umarnin FreeRTOS sai mai ƙarewa da FromISR. Ka ɗauki bayit, ka jefa a layin jira ko a ma'ajiyar kwarara da aka ƙaro a sigar FreeRTOS ta 10 a 2017, ka tashi aikin da ke barci, ka fita. Sannan a kan Cortex-M ƙaramar lamba ita ce babban fifiko, kuma katsewar da ba ka saita ba tana zuwa da sifili, wanda ya haura iyakar da tsarin ya yarda a kira shi daga ciki. Da yawa daga sandarewar da yake kuka da ita daga nan take fitowa, gyaranta kuma layi ɗaya ne. Ya kawo labarin Mars Pathfinder na 1997 don ya tsorata yara. Waccan matsalar ta juyewar fifiko ce tsakanin ayyuka a kan makulli ɗaya a cikin VxWorks, an kuma gyara ta daga duniya ta hanyar kunna gadon fifiko. Ba ruwan kafar siriyal a ciki.

Sauran ba su cancanci dogon zance ba. Ya ce inbata da Modbus take magana, tambaya da amsa, don haka ka san lokacin da amsa za ta zo. Ka san kusan lokacin, amma Modbus RTU da shirun haruffa uku da rabi yake gane ƙarshen saƙo, kimanin milisakan 4 a 9600, kuma milisakan 1.75 idan sauri ya wuce 19200. Auna wannan da agogo mai bugun milisakan 10 mu gani.

Ya ce wuta ba matsala ba ce tunda akwai sola. A kudancin Kaduna, a watan Agusta, da hadari ke kwana ya wuni? Na'urar da ke leƙe ba ta barci, mai jiran katsewa kuwa tana iya yi.

Ta ƙarshe, wai leƙe ya fi sauƙin koyarwa. Ya fi, ba musu.