Labaran da ke yawo a wayoyin 'ya'yanmu

A da, mai son littafin soyayya sai ya je kasuwa ko shagon haya, shi ya sa Kano ta iya kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, har aka ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007. Yau marubuta sun koma WhatsApp da Telegram da Wattpad, ana sakin labari shafi-shafi, mai so ya tura kuɗi a saka shi a rukuni. Akwai masu ilimantarwa, akwai na batsa, har da waɗanda aka gina a kan luwaɗi da maɗigo, ayyukan da haramcinsu bai ɓoyu ga Musulmi ba.

A Sabon Birni da Isa lamarin ya fi nauyi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, makarantu da dama sun rufe, matasa sun taru a gari ba aji ba gona, sai waya. An katse layukan sadarwa a Satumban 2021 saboda tsaro, suka dawo, labaran suka dawo tare da su.

Sai dai muna jin tsoron wani martanin: a ɗauki hoton hirar yaro a yaɗa, a kira sunan ɗan wane. Suratul Hujurat ta hana bincikar asirin mutane, ƙazafi kuma babban zunubi ne. A yankin da makami ya yawaita, zargi kaɗai na iya zama ajalin yaro. Uwar da ta ga irin wannan labari a wayar 'yarta, ta rufe ƙofa su yi magana su biyu, ta tambaye ta wa ya saka ta a rukunin.