Murar Shanun Amurka: Abin Da Aladu Da Ganyen Taba Suka Koyar

A ran 25 ga watan Maris na shekara ta 2024, Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ba da sanarwar cewa an sami murar tsuntsaye, irin wadda masana ke kira H5N1, a jikin shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas. Kafin shekara ta 2025 ta yi nisa cutar ta shiga garkuna fiye da 1,000, ta kuma kama mutane kusan 70, yawancinsu ma'aikatan gonaki ne. Amma a watan Mayu na 2025 sai gwamnatin ƙasar ta soke kwangilar fiye da dala miliyan 700 da ta ba kamfanin Moderna don shirya allurar rigakafin wannan mura. Bisa al'ada, in ana tsimin kuɗi, binciken da ba a ga amfaninsa a nan take ba shi ake fara yankewa.

Wanda duk yake so ya auna wannan mataki, ya kamata ya waiwayi wani ɗan reshe na Cibiyar Bincike ta Rockefeller da ke Princeton, inda aka haɗa nazarin cututtukan dabbobi da na tsirrai a wuri guda. Daga can ne aka samo tushen abin da aka sani yau game da mura.

Na farkon mutanen da za a ambata shi ne Dokta Richard Shope, haifaffen jihar Iowa, jihar da ta shahara da kiwon aladu. Tun a annobar 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutane wajen miliyan 50, wani likitan dabbobi mai suna Koen ya lura aladu na tari da zazzaɓi kamar masu su. A lokacin likitoci da yawa sun ɗauka ƙwayar bakteriya ce ke haddasa mura. Shope ya tace majinar aladun da matatar da bakteriya ba ta iya ratsawa, ya ɗiga ruwan a hancin lafiyayyu, sai suka kamu da ciwo mai sauƙi. Da ya gama ruwan da bakteriyar, sai ciwon ya tsananta. Watau akwai wata ƙwaya da ta fi bakteriya ƙanƙanta, wadda ake kira bairos, ita ke buɗe ƙofa. Ya buga wannan sakamako a 1931. Bayan shekara biyu wasu masana uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka ware bairos ɗin murar mutane ta hanyar sa wa wata dabba mai kama da tunku.

Shope bai tsaya nan ba. Ya gwada jinin mutane, ya tarar na manyan da suka ga annobar 1918 yana kashe ƙarfin bairos ɗin alade, na yara ƙanana kuwa ba ya yi. Ma'anar wannan ita ce murar da ta ɗebi mutane da wadda ta zauna a jikin aladu 'yan gida ɗaya ne. Annobar 2009, wadda ta fara bayyana a Meziko da ƙwaya mai ɗauke da gadon alade da na tsuntsu da na mutum, ta sake nuna cewa hanyar nan a buɗe take.

A wannan reshe kuma akwai Wendell Stanley, wanda shi masanin haɗa sinadarai ne, ba likita ba. Aikinsa a kan cutar da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare ne, cutar da tun a 1890 da 'yan kai Ivanovsky da Beijerinck suka nuna tana ratsa matata. Stanley ya niƙa tarin ganye, ya yi ta tacewa, har a 1935 ya sami ƙwayar ta daskare kamar ƙananan allurai, kuma ko da aka narkar da ita ta ci gaba da harbin tsiro. Abin da za a iya ajiyewa a kwalba kamar gishiri, amma ya hayayyafa in ya shiga ganye! Aka ba shi kyautar Nobel a 1946. Lokacin yaƙin duniya na biyu sai ya juya dabarar da ya koya a kan taba zuwa ga mura, ya yi amfani da injin juyi mai tsananin gudu wajen tace ƙwayar don yin allurar rigakafi. Da wuya a ce wani jami'in kasafin kuɗi ya hango haka ranar da ake sayen irin taba.

Amma fa tarihin mutanen biyu bai rasa tabo ba. Stanley ya ce ƙwayar tasa furotin ce zalla, sai Bawden da Pirie na Ingila suka nuna akwai sinadarin RNA a cikinta, wanda daga baya aka gane shi ne ke ɗauke da gadon ƙwayar. Shope kuma ya shafe shekaru yana kare ra'ayin cewa bairos na ɓuya a cikin tsutsar huhun alade da tana tsakanin kaka da kaka, ra'ayin da bai sami karɓuwa ba. Abin lura shi ne waɗanda suka gyara su ma masu bincike ne da wasu hukumomi suka ɗauki nauyinsu. Bayan yaƙi hukumar Rockefeller ta yanke shawarar rufe reshen Princeton, ta mai da aikin New York, Stanley kuwa ya koma Berkeley a 1948.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan magana. A 1975 cutar nan da ke kuturta gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonakin Arewa, kuma ita ma bairos ce. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, bayan an aika da samfurin zuwa Padova ta Italiya. Masu binciken tsirrai suna Samaru da Ibadan, na dabbobi suna Vom, na lafiyar mutane kuma suna ƙarƙashin wata ma'aikata dabam, kowa da kasafinsa da fayil ɗinsa. Ga Bafulatanin da ke tatsa da hannu, da matar da ke kiwon kaji a tsakar gida, tambayar ita ce wanda zai fara jin labari in saniya ta rage nono kajin gidan kuma suna mutuwa, da kuma ofishin da zai sanar.