Bayanan ruwan sama na nan kyauta, ɗan aiken da zai kai su Tajaye ne babu

Duk shekara, daga watan Mayu zuwa Yuni, manomin gero a Tajaye da ƙauyukan Illela yakan yi caca da irinsa. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone, a koma neman iri bashi. Mai albasa a Galmi ta gundumar Malbaza da mai noman rani a fadamun Ƙwanni su ma suna da tasu fargabar.

Abin takaici, ba bayanai ne suka yi ƙaranci ba. A Yamai cibiyar AGRHYMET take tun 1974, a can ACMAD take, ga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa mai tasha a Birnin Ƙwanni. A intanet kuma, CHIRPS na ba da ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, Open-Meteo na ba da hasashen da ya kai kwana 16 kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi da shi ba. Sai dai yawancinsu da Faransanci ne ko Turanci, cikin alƙaluman da sai masani.

A nan aikin matasa masu rubuta manhaja yake. Irin waɗannan rumbuna suna da ƙofar neman bayani da ake kira API. Abin da ake buƙata shi ne ɗan laburaren manhaja, a yaren Python ko JavaScript, da zai yi aikin ɗan aike: a ba shi sunan gari, ya nemo inda garin yake a taswira, ya karɓo alƙaluma, ya kawo su a tsare. In an rubuta shi sau ɗaya aka bar shi a buɗe, mai haɗa saƙon murya na WhatsApp da mai shirya wa gidan rediyo rahoto duk za su ɗora a kansa, ba sai kowa ya fara daga tushe ba.

Amma a gina shi don Tajaye, ba don Faris ba. Ya san sunayen ƙauyuka yadda mutanensu ke kiransu. Ya adana bayanin ƙarshe da ya samo, domin intanet a karkara yau akwai gobe babu. Ya kuma amsa ainihin tambayar manomi: ruwan shuka ya yi? Masana na da ma'auni da aka daɗe ana aiki da shi a Sahel: milimita 20 cikin kwana 3, ba tare da farin da ya wuce kwana 7 ba a kwana 30 masu zuwa. Hasashen kwana 16 bai cika wannan lissafi ba, don haka dole laburaren ya faɗi iyakar saninsa. Hadarin Sahel yakan jiƙa wannan gona ya tsallake ta kusa da ita. Manhajar da ta ce “lalle za a yi ruwa” ta jawo asarar iri, ba wanda zai sake sauraronta.

Shi ya sa ya dace hukumar hasashen yanayi ta buɗe alƙaluman tashoshinta ta hanyar da kwamfuta za ta iya karantawa, a riƙa gwada hasashe da ruwan da ya sauka a ƙasa. Ambaliyar 2024, wadda ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta nuna tsadar gargaɗin da bai isa kan lokaci ba.

Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu. 'Yan ci-rani da ke aiko kuɗin iri duk damina kuwa, in suka ɗauki nauyin kuɗin intanet na masu aikin, wataƙila kuɗin iri na biyu ya zauna a aljihunsu.