Zancen Gida: Tsohon Soro Ba Ya Son Gaggawa

Masu karatu, damina ta wuce, lokacin duba ɗakuna ya yi. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, gidaje da yawa suna da zauren da kakanni suka gina, ga shi ya fara tsagewa. Wasu su ce a rushe shi. Wasu su ce a shafe shi da siminti a huta. Mu dai muna cewa a gyara shi sannu a hankali, da irin kayan da aka gina shi da su.

Ga dalilinmu. Bangon tubali yakan sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Idan aka rufe shi da siminti, ruwa yakan shiga ta ƙaramar tsaga, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ƙasa ta jiƙe. Ran nan cikin Agusta sai ya zube, watakila yara suna barci a gindinsa.

To, ina za mu fara? Daga sama. A rani na fari mu duba azara, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Magina ba sa barin azara ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da madogara ba, shi ya sa suke ɗaurin guga a babban ɗaki. Wadda ta ruɓe a canza ta, a toshe rufi, a sa indararo mai tsawo don kada ruwa ya bi bango. Baɗi sai gindin bango: a cike zaizaya da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Bayan wannan sai yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ado da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara shi ne na ƙarshe.

Kada mu raina ginin ƙasa. Majami'ar Wusasa kusa da Zariya, da ƙasa da azara aka gina ta a 1929, tana nan tsaye domin ana kula da ita.

Abu guda ya rage. Tsofaffin magina suna ƙarewa. Ran da za su zo aiki gidanmu, mu sa yaranmu su miƙa musu tubali, su gani da idonsu. Sannu ba ta hana zuwa.