Maganin da ba a sayarwa a kemis: Hawan keke a hanyoyin kuza na Jos



Makon jiya wani dattijo da ya saba karɓar maganin hawan jini da na ciwon sukari a wurina ya miƙo min takardar asibiti. A ƙasan jerin magungunan, likita ya rubuta masa ya riƙa motsa jiki na rabin awa, kwana biyar a mako. Da na gama haɗa masa magunguna, sai na ɗora yatsa a kan layin ƙarshe na ce, "Baba, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, in kina sayar da shi ki auna min. A ina zan yi? A titin Bauchi, tsakanin tirela da Keke Napep?" Ya ƙara da cewa yana da tsohon keke Raleigh a jingine a zaure, amma tun ranar da wata mota ta goge shi ya rantse ba zai sake hawa kwalta da shi ba.

Ban ga laifinsa ba. Sai dai layin nan da ya tsallake shi ne mafi arha a takardar, kuma ba ƙaramin aiki yake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro kuwa awa ɗaya kullum. Idan tsokar cinya tana aiki, tana zuƙe sukari daga jini, bugun zuciya na ƙara ƙarfi, hawan jini na sassautawa, barci ma ya fi daɗi. Keke kuma yana da wata fa'ida ga mai ƙiba ko mai ciwon gwiwa: sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, don haka gwiwa ba ta shan dukan da take sha a wajen gudu.

Matsalar dai titi ce. Wasunku za su tuna a 2001 lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya riƙa zuwa aiki a kan keke a Abuja don ya kwaɗaitar da jama'a, har wata bas ta ture shi cikin kwata. A wasu ƙasashe raba keke da mota aka yi. A Ingila, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa tsakanin Biristol da Bat, mai tsawon kusan kilomita 21, an mayar da ita ta masu keke da masu tafiya a ƙasa. Mu a Jos babu wanda ya gina mana irin wannan. Amma tarihi ya bar mana abin da ya yi kusa da ita, wato hanyoyin kuza.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narkar da kuza. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shigo, suka kafa barikoki, ma'aikata suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno. Sunaye irin su Barikin Ladi da Sabon Gidan Kanar da Mai Adiko daga wannan zamani suka samo asali. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, aka daina aiki da shi a 1957. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin dole a ramukan kuza, kuma da yawa sanyi da yunwa da cuta suka hallaka su. Bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, harkar manyan kamfanoni ta durƙushe. Abin da ya rage shi ne tuddan jar ƙasa, da tafkuna, da hanyoyin burji da suka ratsa tsakanin gonaki da ƙauyuka. Yawancinsu mota ba ta damu da su ba. Abin da za ku gamu da shi bai wuce babur jifa-jifa, da garken shanu, da tifar yashi can ba a rasa ba.

Ga mai farawa, shawarata ita ce gefen Rayfield. Tafkin wurin shaƙatawar nan tsohon ramin kuza ne, kuma hanyoyin da ke bayansa ba su da hawa mai wahala. Za ku wuce gonakin dankalin Turawa da kabeji da acca, da shingayen ƙerana da Birom ke kewaye gonakinsu da su. Minti 15 zuwa, minti 15 dawowa ya isa a makon farko. Idan ƙafa ta saba, sai a gwada gabas, wajen madatsar ruwa ta Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Can akwai hawa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya sauka ya tura. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa baƙo daga Kano ko Sakkwato kan ji haki da wuri a kwanakin farko, shi ya sa kuma muke da sanyin safiyar da ke sa hawan keke ya yi daɗi.

Idan kun fita da yara, ku ƙarasa musu labarin wata rana a gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. Da yake a tsakiyar gari yake, ku je a mota. A can za su ga mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su, da tsohon kan jirgin ƙasa, da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Yaron da ya taka tudun kuza da ƙafarsa ba zai kalli waɗannan kayan da hamma ba, balle idan kakansa na cikin waɗanda suka ɗauki kwanon ƙasa a ka.

To, yanzu ga inda aikina ya shigo. Kafin ku hau, ku duba abin da kuke sha.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa a kan hanya ko bayan ya dawo gida. Kada ya fita da yunwa, kuma ya sa ƙwayar sukari ko dabino a aljihu. Idan ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, ko idonsa na dishi-dishi, ya tsaya ya sha ƙwayar sukari uku ko huɗu. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Metformin shi kaɗai ba ya cika jawo wannan.

Mai shan atenolol ko propranolol, zuciyarsa ba za ta yi saurin da ya saba ba, kuma maganin na iya ɓoye alamun faɗuwar sukari. Ma'auninsa shi ne magana: idan yana iya hira da na kusa da shi yana tuƙi, daidai ne. Idan magana ta gagara, ya rage. Mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari ya riƙe gorar ruwa, kuma kada ya miƙe zumbur bayan ya huta, don jiri. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa na salbutamol, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska mai sanyi da ƙura ke tayar da ciwon. Wanda ke kan ciprofloxacin ya dakata har ya gama ya kuma tuntuɓi likita, domin maganin kan raunana jijiyar agara. Doxycycline na sa rana ta ƙona fata, Piriton na sa gyangyaɗi. Tramadol kuwa don "ƙarin ƙarfi", wannan ko kusa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa na sarƙewa, ya sauka nan take. Mai ciwon zuciya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, da mai juna biyu, su fara ganin likita.

Hanyar ma tana da nata sharuɗɗan. Tafkunan kuza suna da zurfi tun daga baki, kuma sun ci rayukan yara da samari da yawa a garin nan. Kallo kawai, ban da wanka, ban da sha. Kada a bar turba a kutsa ciyawa, saboda ramukan loto da masu haƙar kuza na yanzu ke tonawa. A hana yara karya ƙerana, domin farin ruwanta na ƙona ido. Idan ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Idan kare ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare a ranar. Da damina a fita da safe, a dawo kafin hadari ya haɗu, don fili ne fetal kuma tsawa ba ta da kara. Hular kwano dole ce, haka duba birki da iskar taya, a kuma riƙe famfo da kayan faci.

Sai maganar da ba zan tsallake ba, wato tsaro. Dukkanmu mun san abin da Jos ta gani tun 2001, kuma har yanzu ana samun hare-hare a wasu ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bassa da Bokkos. Don haka ban ce ku nausa daji ba. Ku tsaya kusa da gari, ku fita cikin ayari da rana tsaka ko hantsi, ku tafi da ɗan yankin, ku bar labarin inda kuka nufa a gida. Ranar da gari ya yi tsami, ku zauna. Ku gaida duk wanda kuka tarar a gona, kada ku taka shuka, ku sayi karas ko masara a hannunsu. Na lura mai keke ya fi mai mota samun amsar gaisuwa, don ana ganin fuskarsa.

'Yan uwana mata, da ku nake. Ni ma na koya a keken yayana ina ƙarama, na ajiye shekara da shekaru don gudun surutu, sai bara na koma. A birnin Wagadugu mata na zuwa kasuwa a kan keke da goyo a baya, ba wanda ke waiwayensu. Ku nemi keken mata marar sanda, ku sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ku tattare gefen hijabi ko gyale don kada sarƙa ta kama. Ku fita da maigida da yara, ko ku haɗa kai da maƙwabta.

Shi kuwa Baba, shekaranjiya ya aiko jikansa karɓar magani, yaron ya ce keken na wurin mai gyara, an sauya taya da birki, ranar Asabar za su gwada Rayfield tare. Na sa masa ƙwayar sukari huɗu a leda, na ce ya gaya wa kakansa ya karya kumallo kafin su fita.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.