Muryar da aka naɗo daga ƙauye ba ta da madadi

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya yi wata guda a Adar yana naɗar maganar tsofaffi ya dawo da abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Littafi in ya ɓata, ana sayen wani. Tsohuwar da ta ba da tatsuniya da Adaranci kuwa, mai yiwuwa ne baɗi a koma ba a tarar da ita ba. Duk da haka, sau da yawa wannan dukiya tana kwance a kwamfuta ɗaya tak, ko a kile USB da ke yawo daga aljihu zuwa aljihu. Shi ya sa ya dace kwafar fayiloli ta rubuta umarni ta shiga darasin dabarun bincike tun shekarar farko.

Jan fayil da linzami ya wadatar in takardu biyu ne ko uku. Sauti kuwa nauyi gare shi: awa ɗaya ta WAV mai ingancin faifan CD ta kai wajen megabait 600. In wuta ta ɗauke ana tsakar kwafa, ɗalibi ba ya sanin abin da ya wuce da abin da ya saura. A Linux, umarnin rsync -av, in an bi shi da sunan dosiyen bincike sannan na ma'ajiya, yana duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi, ya kwafi sabo da wanda ya sauya kaɗai. In aiki ya yanke, sai a maimaita layin, ya tsallake waɗanda suka riga suka isa. A Windows, robocopy tare da /E na yin kusan haka. Dukansu suna barin tsarin dosiye yadda yake, abin da mai aiki da ELAN ke buƙata, domin fayil ɗin .eaf ba ya ɗauke da sautin, wurin da yake kawai yake tunawa.

Masu gudun baƙin allo suna da hujja: umarni ba ya tambaya sau biyu. Wanda ya ƙara --delete a rsync, ko /MIR a robocopy, sannan ya juya mafari da masauki, zai iya shafe aikinsa da hannunsa. Amma maganin yana kusa: -n a rsync da /L a robocopy suna nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. Kuma umarni jimla ce mai ƙa'ida: aikatau a gaba, sai sharuɗɗa, sai inda za a ɗauko, sai inda za a kai. Wanda ya ƙware a ginin jimla bai kamata jerin kalmomi huɗu ya razana shi ba.

Sauran aikin ɗabi'a ce. A riƙe kwafi uku a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida dabam, domin ɓarawon da ya ɗauki jaka ya tafi da kwamfuta da kile gaba ɗaya. Lokaci zuwa lokaci a buɗe kwafin, a saurara, a tabbatar muryar tana nan. Malamai ma da nasu rabon: kafin su karɓi babin farko na memuwar, su tambayi ɗalibi inda kwafinsa na biyu yake. Da-na-sani ƙeya ce, kuma ba ta maido da muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya.