Mawaƙin da Ya Zaɓi Kunnuwansa

A shekarar 1995 ne ƙungiyar mawaƙan rok ta Oingo Boingo, wadda ke birnin Los Angeles na Amurka, ta yi wasanta na bankwana. Tun daga lokacin masoyanta suke roƙon jagoranta, Danny Elfman, da ya sake haɗa ta, shi kuwa ya ƙi. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne kunnuwansa. Shekarun da ya yi yana waƙa a gaban manyan lasifikoki sun rage masa ji, yana kuma tsoron kada sauran ya tafi. Wasu suna ganin ya juya wa masoyansa baya. A ganina, ya yi daidai.

A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne suke karɓar sauti. Ƙara mai tsanani tana kashe su, idan kuma suka mutu ba sa sake tsirowa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Masana sun nuna cewa kunne yana iya jure desibel 85 na awa takwas, amma idan ya kai 100, minti 15 ma sun isa haɗari. Wasan rok kuwa yakan wuce haka. Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. Da farko mutum zai ji wani zuuu a kunnensa, ya ɗauka gajiya ce. Nakan tuna wannan idan na jiyo kiɗa daga abin da ɗalibi ya sa a kunne, alhali ina nesa da shi.

Elfman bai rabu da kiɗa ba. Tun a 1985 darakta Tim Burton ya gayyace shi ya tsara kiɗan fim ɗin Pee-wee's Big Adventure. Shi ne ya tsara na Batman a 1989, da taken shirin The Simpsons, da na Spider-Man a 2002. Wannan aiki yana bukatar kunne mai rarrabe sautin goge da na sarewa, kuma a ɗakin aikinsa shi ne yake rage murya ko ya ƙara.

Wani zai ce ai Beethoven, ɗan ƙasar Jamus, ya tsara kiɗa yana kurma. Haka ne, amma ba shi ya zaɓi kurumtar ba. An ce ranar da aka fara gabatar da babban kiɗansa na tara a birnin Biyana a 1824, sai da aka juyo da shi ya fuskanci jama'a kafin ya san ana yi masa tafi.